Ba kowane ciwon ƙafa ba ne sanyi

A gidanmu da ke Bolari, cikin garin Gombe, duk ciwon da ya kama mutum daga gwiwa zuwa ƙasa suna ɗaya gare shi, sanyi. Inna ta fi shekara goma tana sauko da ƙafa daga gado da asuba tana cije leɓe, ta dafa bango ta ɗingisa zuwa inda buta take. In ka yi mata sannu sai ta ce sanyi ne ya shige ta tun haihuwar autanmu. A dafa citta da kanumfari, a shafa man zafi, a gasa ƙafar da ruwan ɗumi, gobe a maimaita. Da wannan fahimta na tashi. Ban taɓa kallon silifas ɗin da ke bakin ƙofarta da idon zargi ba, alhali dunduniyarsa ta cinye har ta kusa zama takarda.

Sai da na zo inda sanyi yake na haƙiƙa sannan na fara shakkar wannan suna. Shekarata ta huɗu ke nan a Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a Kanada. A watan Janairu ba abin mamaki ba ne dare ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, wasu ranakun har 30, ga iska mai yankan fuska. Dusar ƙanƙara takan kwanta tun Nuwamba, ba ta tashi sai wajen ƙarshen Maris. Hunturun Gombe da muke hura wuta a tsakar gida saboda shi, ko a darensa mafi tsanani ruwan randa ba ya daskarewa.

Kafin na taso na shiga babbar kasuwa wajen 'yan gwanjo na sayi takalmin but mai nauyi, baƙi, wanda ko a ido ka san ba zai yage da wuri ba. Lambarsa cif da ƙafata. Da na iso na samu aiki a wani babban sito, tsayuwar awa 8 a kan siminti, sai nake cusa ƙafa a cikinsa da safar auduga biyu. Wata biyu ba su cika ba na fara jin kamar an dasa min ƙusa a dunduniyar hagu, musamman takun farko da asuba. In na ɗan zazzaga sai ya lafa, in na yini a tsaye ya dawo da yamma. Na gaya wa Inna a waya. Ta ce, "Ai dama, ɗan nan. Wannan ƙasa taku ta ƙanƙara ina za ta bar ƙashin mutum lafiya? Ka nemi citta." Na nema, na sha, ciwo yana nan.

Likitar fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, da aka tura ni wajenta, tun kafin ta taɓa ƙafar, takalmin ta ce in miƙo mata. Ta juya shi, ta murɗa, ta lanƙwasa, ta nuna min yadda gefe guda na dunduniyarsa ya zaizaye daidai da takun mai shi na farko, ba nawa ba. Sannan ta yi min bayanin da har yau nake jin takaicin ban same shi tun ina gida ba. Ƙafa ɗaya ƙasusuwa 26 ne a cikinta, kuma a ƙarƙashinsu akwai wata jijiya mai kauri da ta taso daga dunduniya ta tafi har gindin yatsu, tana riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa kamar yadda tsirkiya ke riƙe baka. In aka yi ta ɗora mata nauyi a kan ƙasa mai tauri ba tare da abin tallafi ba, sai ta gaji ta fara ciwo a daidai inda ta manne da ƙashin dunduniya. Da dare tana tsukewa, shi ya sa takun farko na safe yake fizgar ta. Tana wannan bayani ni kuwa Inna nake gani tana dafa bango.

Neman takalmin da ya dace ya ɗauke ni makonni, kuma kusan duk abin da na sani game da sayen takalmi sai da na ajiye shi. A gida muna son takalmi ya kama ƙafa dam. A nan wanda ya matse shi ne ya fi sa jin sanyi, domin yana hana jini zagayawa, kuma iskar da ke tsakanin safa da takalmi ita ce ke riƙe ɗumi. Ana barin sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsun ƙafa. Ana zuwa gwaji da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za a riƙa sawa, kuma ta ulu ɗaya ta fi ta auduga biyu, don auduga in ta sha gumi riƙe shi take yi ta koma sanyi ƙalau. Na koyi matsa bayan takalmi da yatsa in ji ko yana da tauri, in lanƙwasa shi in ga ko a wajen yatsu yake karyewa ko a tsakiya. Wanda ya naɗe a tsakiya kamar tabarma ba zai tallafi kowa ba. Na kuma koyi duba ko shimfiɗar cikinsa tana fita, don a iya musanya ta da mai tudu a tsakiya.

Sai batun santsi, wanda ba mu san shi ba sai a bakin rijiya. Wata cibiyar bincike ta asibitin farfaɗo da marasa lafiya a Toronto tana da ɗaki mai daɓen ƙanƙara da ake karkata shi, a sa mutane su taka da takalma iri-iri a ga inda za su zame. A 2016 sun gwada takalman sanyi kusan 100, waɗanda suka tsallake mafi ƙarancin ma'auni ba su kai 10 ba. Wato ko a ƙasar da ta saba da ƙanƙara, kauri da tsada ba su ne shaidar nagarta ba. Wata robar in sanyi ya buge ta ƙanƙamewa take yi ta zama kamar katako, kuma mai ciwon ƙafa da ke tafiya a ɗarare don tsoron faɗuwa ƙara wa kansa gajiya yake yi. A ƙarshe dala 190 na biya, kuɗin da na daɗe ina juya shi a rai kafin na miƙa. Na zaɓi mai zif a gefe saboda shiga masallaci. A nan ne ma babin shafa a kan huffi, wanda muka karanta a zaure muka wuce don ba mu taɓa ganin mai sa shi ba, ya zame min karatun yau da kullum.

Ba ina cewa nan ta fi gida a komai ba ne. Ƙafar da ta yini a rufe tana gumi, tsakanin yatsu ya yi ta ƙaiƙayi yana saɓulewa, abin da ɗan Gombe mai yawo da buɗaɗɗen takalmi yana alwala sau biyar bai cika fama da shi ba. Takalmi in ya ɗan ɓalle a nan yawanci sai shara, domin mai gyara yana da wuyar samu kuma kuɗinsa ya kusa na sabo. Mu kuwa shumeka har ƙofar gida yake zuwa, ga masu ɗinka takalmi da za su auna ƙafarka su yi maka naka kai kaɗai. Man kaɗanyar da ake sayarwa a nan cikin 'yar kwalba da tsada, mu a ƙwarya muke ganinsa.

Abin da ke damuna shi ne muna da masu sana'ar, muna da fatar, amma ba mu ɗauki takalmi a bakin komai ba sai ado ko maganin ƙaya. Magidanci zai kashe kuɗi a kan shadda da hula, ya sayi sau-ciki mai tsinin baki na zuwa Juma'a da ɗaurin aure, sauran kwana shida yana jan silifas. Ka dubi masu dako a Tudun Hatsi da buhu a kai, ka dubi mai tuyar ƙosai, da malamar firamare, da ma'aikaciyar jinya, da uwar gida da ke yini a tsaye tsakanin murhu da wanki. Duk a kan roba mai faɗin yatsa suke, wadda ba ta riƙe dunduniya, sai yatsu su yi ta damƙe ta don kada ta fice. In ciwo ya zo a ce sanyi, in ya daɗe a ce girma.

Na yarda akwai ciwon gaɓoɓi na gaske, kuma lokacin hunturu yana ƙara tsananta wa masu shi. Amma sunan sanyi ya zama babban bargo da muke lulluɓe cututtuka da yawa da shi, har da waɗanda maganinsu yake kusa. Ko faso da muke ɗauka kamar harajin hunturu ne, ba iska kaɗai ke kawo shi ba. Fata ta bushe, sannan dunduniya ta baje a kan takalmin da ba shi da baya, dole ta tsage. Ga mai ciwon suga kuwa wannan tsagewar ba abin wasa ba ce. Cutar tana kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙusa ko faso ya zama gyambo bai sani ba sai abu ya yi nisa. Duk mai dattijo mai suga a gida ya riƙa duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, in an ga rauni a nufi asibiti, kada a tsaya shafe-shafe.

Ban aika wa Inna takalmi daga nan ba, don na nan an yi shi ne domin ƙanƙara, a zafin Gombe azaba zai zame mata. Ƙanena na sa ya kai ta wajen mai ɗinkin takalmi bayan la'asar, ta taka kwali aka zana ƙafarta. Na yi wa mai ɗinkin bayani ta waya cewa ya sa maɗauri a baya, ya ɗan ɗaga dunduniya, ya sa soso mai ƙarfi da tudu a tsakiyar tafin. Da fari ya yi ta mamaki, ya ce bai taɓa samun mai neman irin wannan ba, amma ya yi shi, sau biyu ana mayar masa yana gyarawa. Na roƙe ta ta riƙa sa shi har a tsakar gida, ta daina taka siminti da ƙafa tsirara, kuma kafin ta sauko daga gado ta rataya ɗankwali a yatsunta ta jawo su wajenta na ɗan lokaci. Da dare man kaɗanya da safa.

Bayan wata huɗu na kira ta da safe. "Inna, kun tashi lafiya? Yaya ƙafar?" Ta ce, "Alhamdulillahi, sanyin ya yi sauƙi bana." Ban ja da ita a kan sunan ba. Na tambaye ta ko har yanzu tana dafa bango in za ta alwalar asuba. Ta yi shiru kaɗan tana tunani, sannan ta ce rabonta da haka tun kafin azumi, sai fa ranar da ta yini a tsaye a gidan biki. Da muka gama na kira ƙanena na ce ya koma wajen mai ɗinkin da Goggo, ya tafi da kwali.