Alhaji Zai Sayi Jarida

Alhaji: Dillali, nawa ake sayar da jarida?

Dillali: Kwafi ɗaya, ranka ya daɗe?

Alhaji: Ni kake yi wa maganar kwafi? Dukkanta, da editan da injin bugawa da maigadi. An ce Bezos, attajirin nan na Amurka, ya sayi jaridar Washington Post dala miliyan 250 a 2013. Da me ya fi ni?

Malam: Da sifili kamar huɗu.

Ba a tanka wa Malam ba. Alli ya ci masa shekara talatin, fansho ya ci sauran, ya saba magana ba a amsa.

Dillali: Allah ya taimaki Alhaji, ba a sayen jarida, talla ake saye. Ka kama shafin baya da na tsakiya na shekara guda. Ka biya wata uku, ka riƙe na tara. Editan da ke binka bashi, ga albashin ma'aikata a wuyansa, ba sai ka buga masa waya ba. Da hannunsa zai zare labarin ƙarfe 11 na dare kafin a kai wa injin.

Alhaji: To sunana fa, a ina zai fito?

Dillali: Ba zai fito ba, ai nan ribar take. In ka saya kowa ya san taka ce, ko gaskiya ta faɗa sai a ce kai ka aiko ta. Shi Bezos ɗin, da jaridarsa ta fasa mara wa ɗan takara baya a zaɓen 2024, sama da mutum dubu 200 suka janye kuɗinsu cikin 'yan kwanaki.

Alhaji: Amma duk duniya ta san tasa ce ko?

Dillali: Ta sani.

Alhaji: To ka gani!

Dillali ya cire hula ya sosa ƙeya. Kamasho yake hange, ba don haka ba da tuni ya nemi takalminsa.

Dillali: Mu koma makaranta. A nan gidauniya za ka kafa, ta ba jami'a kuɗin kujerar farfesa. Kada ka zuba duka rana ɗaya, in kuɗi ya gama shiga asusu farfesa sai bakinsa ya dawo. Kashi-kashi, ana sabuntawa duk shekara, da sharaɗin mutuminka ya zauna a kwamitin da ke zaɓen wanda zai hau kujerar.

Malam: Daga nan sai a auna ruwan da masana'antar Alhaji ke zubarwa a kogi, sakamako ya fito cewa ana buƙatar ƙarin bincike. Wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Alhaji: Kujerar nan, ana rubuta suna a jikinta?

Dillali: Ba kujerar katako ba ce, Alhaji, muƙami ne.

Alhaji: A sayo ta katako. A rubuta a gaba, a rubuta a baya saboda mai shara. Da ƙofar makaranta, da bangon littafin rubutu, da ƙararrawa. In hali ya yi a sa a takardar sakamakon yara, sama da sunan uban yaro.

Malam: A rage wa uban ɗan fili dai, shi ke biyan kuɗin makaranta.

Dillali: Siyasa kuma ba a zuba ta a aljihu ɗaya. Kashi 60 ga mai alamar nasara, 40 ga abokin karawarsa. In an ci zaɓe kada ka nemi minista, minista idon kowa na kansa. Nemi shugaban hukumar da ke sa ido a kan sana'arka, da sakin layi ɗaya a dokar haraji, can wajen shafin da ɗan majalisa ya riga ya yi barci. A Amurka tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 kamfani na iya kashe ko nawa a tallar zaɓe, muddin bai damƙa wa ɗan takara a hannu ba.

Alhaji: Ni irin na Berlusconi nake so. Tashar talabijin uku, ya zama firaministan Italiya a 1994.

Dillali: Ya kuma shekara da shekaru yana zaryar kotu.

Alhaji: A lokacin ana nuna shi a labarai kullum?

Dillali: Kullum, ranka ya daɗe.

Alhaji: Da wace riga yake zuwa?

Malam ya miƙe yana kakkaɓe wando. Ya ce shi mai kuɗin da ke son a gan shi bai taɓa hana shi barci ba, wanda ya ji shawarar Dillali shi ne abin tsoro.

Alhaji: Malam, zauna, na sauko. Za a ba da kuɗin a ɓoye. A rubuta, “Daga wani bawan Allah da bai so a ambaci sunansa ba.”

Dillali: Madalla! Yanzu ka zo hanya.

Alhaji: Sai a sa hotona a ƙasa. Rabin shafi. Mai kala.