Filin tsohuwar masaƙa: wa ke da shi a takarda?

Duk lokacin da aka ji raɗe-raɗin za a yanka filin wata tsohuwar masana'anta a Kakuri ta Kaduna ko Bompai ta Kano, sai gardama ta kaure. Wannan ya ce ai na gwamnonin Arewa ne, wancan ya ce banki ya daɗe da cinye shi, wani kuma ya rantse cewa na magadan Alhaji ne. Abin mamaki, kowannensu na iya riƙe da wani ɓangare na gaskiya, domin masana'anta tana da tarihin mallaka guda biyu, kuma ba a ofis ɗaya ake ajiye su ba. Akwai tarihin ƙasar da aka yi ginin a kai, yana rajistar filaye ta jiha. Akwai tarihin kamfanin da ke riƙe da ƙasar, yana hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Ra'ayina shi ne duk wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya bai san abin da yake saye ba, ko da lauya goma suka raka shi.

A fara da abin da mutane ba sa son ji. A Arewa, tun zamanin Turawa, ba a sayar wa masana'anta ƙasa ta zama tata har abada. Dokar filaye ta 1910, wadda aka sake zartarwa a 1916, ta sa ƙasar Arewa a hannun gwamna ya riƙe don 'yan ƙasa. Dokar 1962 ta gwamnatin Jihar Arewa ta bi wannan layi, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978 ta shimfiɗa tsarin a kan Najeriya baki ɗaya. Saboda haka abin da kamfani ke samu izinin zama ne na wa'adi, da sharuɗɗa, da kuɗin ƙasa na shekara. Takardar da muke kira C of O shaida ce ta wannan izini kawai. Kotun Ƙoli ta sha faɗi, har a shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, cewa satifiket ba ya wanke wanda tushensa ruɓaɓɓe ne; idan wani ya zo da haƙƙin da ya riga shi, satifiket ɗin sai ya faɗi.

To abu na farko da za ka duba a tsohon satifiket ba sunan mai shi ba ne. Layin wa'adi za ka nema: shekara nawa, daga wace rana. Mutane sun ɗauka kowane fili shekara 99 ne. Ba haka ba ne, filayen masana'antu da na kasuwanci sau da yawa wa'adinsu ya fi haka gajarta. Ka yi lissafin da kanka. Shekara 99 daga 1956 za ta kai 2055. Shekara 40 daga 1965 kuwa ta ƙare tun 2005, kuma idan babu takardar sabuntawa a fayil, mai sayar maka ba shi da abin da zai miƙa maka sai katanga da ciyawa. Kuma ranar da wa'adi ya fara ba lallai ta zama ranar da gwamna ya sa hannu ba, takan riga ta da shekaru.

Masaƙar Kaduna, KTL, ta isa misali kan yadda tarihin biyu ke rabuwa. Gwamnatin Sardauna ce ta kafa ta da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Lancashire a Ingila, ta fara saƙa a 1957. Bayanta masaƙun Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka zo a shekarun 1960, Kakuri ta zama garin masaƙu. A 1967 aka rushe Jihar Arewa aka yi jihohi shida, kadarorin haɗaka suka koma hannun hukumomin gado irin su NNDC, kamfanin zuba jari na jihohin Arewa. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka tilasta wa baƙi sakin hannun jari. Jihohin nan shida suka hayayyafa har suka kai 19. KTL ta tsaya da aiki a 2002. Duk wannan juyi, a rajistar kamfani yake faruwa. A rajistar filaye kuwa, kamfani irin wannan na iya zama da suna ɗaya tak a kan satifiket daga farko har ƙarshe, domin sayar da hannun jari ba sayar da ƙasa ba ne. Masu kamfani sun canja sau da yawa, mai ƙasa bai canja ko sau ɗaya ba.

Nan ne magada ke yin kuskuren da ya fi kowanne tsada, musamman a tsofaffin injinan matsar gyaɗa da na casar shinkafa da na jima a Kano. Alhaji ya rasu, an zo rabon gado, an lissafa masana'anta cikin dukiyarsa, an ba wannan ɗaki kusurwar gabas, wancan ɗaki sito da ofis. Amma satifiket sunan kamfani ne mai Limited a ƙarshe. A doka, abin da Alhaji ya bari hannun jarinsa ne a kamfanin; ƙasar ta kamfani ce, kuma masu bin kamfani bashi su ake fara biya kafin magada. Wanda ya sayi kusurwar gabas a hannun magaji, da takardar rabon gado ta kotu, ya sayi abin da mai sayarwa bai mallaka ba. Hanyar da ta dace ita ce a mayar da hannun jarin ga magada a CAC, a naɗa daraktoci, hukumar daraktoci ta zartar da ƙudurin sayarwa, kamfani ya sa hannu da kansa.

Yanzu ga yadda ake bin sarƙar takardun. Kowace takarda da aka yi wa rajista tana da adireshi mai sassa uku: lamba kaza, a shafi kaza, a kundi kaza. Ana buga wannan hatimi a jikinta da ranar rajista. Ka ɗauki takarda ta ƙarshe, ka karanta gabatarwarta, wato sakin layukan farko da ke bayyana daga ina mai sayarwa ya samo haƙƙinsa. A nan za ta ambaci takardar da ta gabace ta da adireshinta. Ka nemi kwafin waccan wanda rajista ta tabbatar, ba hoton da dillali ya turo ta WhatsApp ba. Ita ma ka karanta gabatarwarta, ka ci gaba da komawa baya har ka isa takardar bayar da filin ta farko. Ka ja layi a takarda ka rubuta abu shida kan kowacce: wanda ya bayar, wanda ya karɓa, rana, girman fili, kuɗin da aka biya, da ranar amincewar gwamna. Wanda ya karɓa a layi na uku dole ya zama shi ne ya bayar a layi na huɗu, harafi da harafi. Idan sunan kamfani ya ɗan sauya, a kawo shaidar canjin suna daga CAC, kuma lambar RC, wato lambar rajistar kamfani, ta zama ɗaya, domin suna na canjawa amma lamba ba ta canjawa. Kuɗin da ke takardun kafin 1973 da fam aka rubuta, fam ɗaya naira biyu a lokacin canji. Lambar fayil ma tana magana: NC a Kaduna na nuna zamanin Jihar Arewa ta Tsakiya, kafin 1976.

Layin amincewar gwamna shi ne inda sarƙa ta fi tsinkewa. Sashe na 22 na dokar 1978 ya hana sayarwa ko jingina ko ba da haya mai tsawo sai da amincewar gwamna, sashe na 26 ya ce abin da aka yi ba da ita ba banza ne. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989, banki ne da kansa ya rasa ikon sayar da kadarar da aka jingina masa saboda wannan. Don gudun kuɗin amincewa da harajin hatimi, mutanenmu suka ƙirƙiro dabarar saye da takardar wakilci, a ce wai ba ta sokuwa. Takardar wakilci izini ce ta yin aiki a madadin mai abu, ba ta mayar da kai mai abu. Idan ka ga sarƙa mai takardun wakilci uku a jere, mai filin a doka shi ne wanda ya ba da ta farko, ko magadansa, ko bankinsa.

Batun banki kuwa sai an zauna da kyau. Da wuya ka sami masana'antar da ta yi shekara talatin tana aiki ba ta taɓa jingina ƙasarta ba. Jingina na zuwa kala-kala. Akwai cikakkiya wadda aka yi wa rajista a ofishin filaye, ita da sauƙin gani. Akwai takardar bashi ta kamfani wadda ta rufe duk kadarori, ƙasa da injuna da kayan sito, ita a CAC ake yi mata rajista cikin kwana 90, kuma binciken ofishin filaye kaɗai na iya tsallake ta. Sai mafi haɗari, wadda aka kai ainihin satifiket aka ajiye wa banki ba tare da rajistar komai a ofishin filaye ba. Alamarta ɗaya: mai sayarwa ba shi da ainihin takarda, sai rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda cewa ta ɓata a gobara. Wani lokaci gaskiya ne gobarar. Amma kafin ka yarda, ka duba rahoton kuɗin kamfanin na shekarun baya ka ga wane banki ke binsa, ka rubuta masa. Idan bankin ya mutu, bashin bai mutu ba, yana hannun NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, ko bankin da ya haɗiye shi, ko AMCON, hukumar sayen basussukan bankuna da aka kafa a 2010. Kowace jingina da ta bayyana a layinka dole ta sami abokiyar tafiya, wato takardar sakin jingina. Biyan bashi daban, sakin jingina a rajista daban, kuma kamfanoni da yawa sun biya sun manta da na biyun. Idan kuma risiba ne ke sayarwa, wato wanda aka naɗa ya riƙe kadarorin kamfani don biyan bashi, a kawo takardar naɗinsa da takardar bashin da ta ba shi ikon sayar da ƙasa. Ga kuma haƙƙin ma'aikatan da aka sallama ba a biya ba, a leƙa kotun ma'aikata da babbar kotu ko akwai hukunci ko umarnin hana taɓa kadara.

Sai taswira. Tsohon zanen safiyo da eka da ƙafa aka yi shi, sabo da hekta da mita. Eka ɗaya hekta 0.4047 ce, don haka fili mai eka 25 bai wuce hekta 10 da 'yan kai ba. Dillalin da ke cewa "kadada 25" ka tambaye shi wacce yake nufi. A kai safiyo mai lasisi ya nemo turakun siminti da lambobinsu a ƙasa, kada a dogara da katanga, domin katangar masana'anta takan haɗiye abin da ba nata ba ko ta bar nata a waje. Kuma awon da aka yi da tsohon ma'aunin safiyo na Najeriya da ake kira ma'aunin Minna, idan aka ɗora shi kai tsaye a kan na GPS ɗin waya, yakan goce da gomman mitoci, abin da ya isa ya jefa iyakarka cikin sito na maƙwabci. A irin waɗannan wurare akwai abubuwa uku da ke cikin katanga amma sau da yawa ba sa cikin satifiket: layin dogon da ya shigo ɗaukar kaya, wanda ƙasarsa ta hukumar jiragen ƙasa ce ta tarayya, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da magudanar ruwan rini, irin waɗanda ke bi ta Kakuri da Makera su zuba a Kogin Kaduna. Kwatas na ma'aikata da gidan manaja kuma galibi suna da nasu satifiket daban, wani lokaci an sayar da su tun tuni.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai sayen fuloti ɗaya. A ɗauki hekta 10, a cire kashi 30 cikin ɗari na hanyoyi, a yanka saura ƙafa 50 a 100, za a sami fuloti kamar 150. Dukansu suna rataye a wuyan satifiket ɗaya wanda aka bayar don masana'anta. Kafin yankan ya halatta, sai an sami izinin canja amfanin fili daga hukumar tsara birni, KASUPDA a Kaduna ko KNUPDA a Kano, an biya bashin kuɗin ƙasa, an mayar da babban satifiket, an amince da sabon tsari, sannan hukumar bayanan filaye, KADGIS a Kaduna ko KANGIS a Kano, ta buɗe wa kowane fuloti fayil nasa. Ba tare da haka ba, awon igiya ne da rasit mai tambari. Sa hannun mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, ba ta taɓa satifiket ɗin gwamna. Kuma sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke izini idan an saɓa sharuɗɗa ko don amfanin jama'a, muddin an isar da sanarwa ga mai riƙe da shi. Sanarwar kamfani za a kai wa, ba mutum 150 ba. Diyyar sashe na 29 ma ta gini ce da abin da aka inganta, ba ta tsurar ƙasa ba.

Idan sarƙa ta yanke a shekarun kafin 1967, akwai inda za a nufa: ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin larduna, ciki har da na Kano da Zariya, ga tsofaffin gazet na Jihar Arewa inda ake buga sanarwar karɓar ƙasa da tsara yankunan masana'antu. A can ne ake ganin gonakin wa aka ɗauka da ko an biya diyya, abin da jikokin masu gonakin kan taso da shi da zarar an ji injuna sun yi shiru. Abin da nake ganin ya kamata jihohi su yi shi ne, kafin su amince da yanka kowace tsohuwar masana'anta, su wajabta a buga taƙaitaccen tarihin takardunta a jarida, da wa'adin da ya rage da jinginar da ba a saki ba, a ba masu ƙorafi wata uku. Kafin a kai ga haka, mai saye ya sa a yarjejeniya cewa kuɗinsa zai zauna a asusun lauya, ba za a saki ba sai amincewar gwamna ta fito da sunansa.