Baƙon da ya ce sai ka kori maigadi kafin ya shigo

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ɗalibai da masu sana'ar zane da haɗa bidiyo. Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai sauko da manhajar sata, Photoshop ko CorelDRAW ko wasan ƙwallo, sai ya tarar an rubuta masa cewa kafin ya saka ta sai ya kashe Windows Defender, wato manhajar kariya daga bairos da ke zuwa tare da Windows. Shi kuwa ko gezau, sai ya je ya kashe.

Don Allah ɗan uwa, tsaya ka yi tunani. Baƙo ya yi sallama a ƙofar gidanku da tsakar dare, ya ce ba zai shigo ba sai an sallami maigadi an ɗaure kare. Wane mai hankali ne zai ce masa bismillah?

Wani ƙanena da ke shekarar ƙarshe a jami'a haka ta faru da shi. Yana neman abin da zai buɗe masa Office kyauta, ya bi wani bidiyo, ya kashe kariyar, ya saka. Washegari ya buɗe kwamfuta, aikin kammala karatunsa da ya kwashe watanni yana rubutawa ya ƙi buɗuwa. Hotunan bikin yayarsa ma haka. Kowane fayil an liƙa masa wasu baƙin haruffa a ƙarshen suna, ga wata 'yar takarda ana neman kuɗi. Irin wannan bairos ɗin ana kiran sa STOP ko Djvu, kuma an san shi da bin manhajojin sata. Dala 980 suka nema, suka ce za su rage zuwa 490 in ya tuntuɓe su cikin awa 72. Na ga yaron nan zaune ya haɗa kai da gwiwa, ko abinci ya kasa ci. Garin neman gira ya rasa ido.

Kuma wannan ma mai sauƙi ne, tunda ka san an cuce ka. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai shigowa shiru. Manhajar za ta yi aiki lafiya lau, kana murna ka ci banza, alhali a ƙarƙashi ana kwashe kalmomin sirrin da ka adana a burauza: na imel, na Facebook, na banki, har asusun kirifto. Irin su RedLine da Lumma aikinsu ke nan. A watan Mayun 2025 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa cikin wata biyu kacal ya gano kwamfutoci sama da 394,000 da Lumma ya kama a faɗin duniya. Sai bayan mako biyu ka ji abokai suna kira, wai ka turo musu saƙo kana roƙon kuɗi. Da sunanka za a damfari mahaifiyar abokinka, kai kuma kana rantsuwa ba ka san hawa ba, ba ka san sauka ba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Na san hujjar da ake kawowa. Wai Defender ƙarya yake yi, kowane abin buɗe manhaja sai ya kira shi bairos. Gaskiya ne wani lokaci yana kuskure. Amma kai da wane ilimi za ka bambance ranar da ya yi kuskure da ranar da ya yi daidai? Masu cutar sun san wannan hujja sarai, da ita suke farauta. Wasu kuma su ce yana sa kwamfuta nauyi. Sau da yawa matsalar ƙarancin RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) ce ko tsohon hard disk (ma'ajiyar fayiloli), ba maigadin ba.

Ku lura da wani abu: in ka kashe shi ta hanyar da aka saba, bayan ɗan lokaci yakan kunna kansa. Tun 2019 ma aka ƙara masa Tamper Protection don hana wata manhaja taɓa saitinsa. Shi ya sa wasu ke bin hanyoyin kashe shi har abada, kuma abin takaici akwai masu gyaran kwamfuta da ke yi wa mutane haka ba tare da sun faɗa musu ba. Ku ji tsoron Allah, amana aka ba ku.

Sannan maganar haƙƙi tana nan. Guminsu ne masu manhajar nan, kuma ba dole ba ne a yi sata. LibreOffice kyauta ce, tana buɗe takardun Word da Excel. GIMP da Inkscape suna aikin hoto da zane. DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta da ake haɗa bidiyo mai kyau da shi. Koyonsu akwai ɗan wahala da farko, ban musa ba.

In kana cikin waɗanda suka taɓa kashewa, yau ɗin nan ka buɗe Windows Security, inda saitin Defender yake, ka mayar da kariyar, ka goge manhajar, ka sa ya binciki kwamfutar gaba ɗaya. Daga nan ka ɗauki wayarka, ba kwamfutar ba, ka canza kalmomin sirri, ka fara da imel domin shi ne mabuɗin sauran. Aikin makarantarka kuma ka kwafe shi a wani filash da ba ya kwana a jikin kwamfutar.