Fentin da ke ɓarewa a bango, ina yake zuwa?

Kullum in aka tashi maganar gurɓata muhalli da roba, leda da gorar ruwa ake tsinewa, shi kuwa fenti ba mai ko waiwayarsa. To ai shi ma roba ne. Danƙon nan da ke riƙe kala a jikin bango ko ƙarfe, irin su akirilik da ifoksi, galibi roba ce a narke, ka shafa ta bushe ta zama siririyar fata. Rana ta gasa ta, ruwan sama ya doke ta, sai ta fara tsagewa. Goga tafin hannunka a tsohon bango ka ga garin da zai manne maka, wannan garin fa ba ɓacewa yake yi ba, kwata yake bi har ya kai kogi.

A 2022 wata cibiyar bincike ta Suwizalan mai suna Environmental Action ta ƙiyasta cewa tan miliyan 1.9 na fenti ke shiga tekuna da koguna duk shekara, wato kusan kashi 58 cikin 100 na ɓurɓushin robar da ke zuwa ruwa. Ko da rabin hakan ne, wallahi abin ya isa a tsaya a duba.

Na jirgin ruwa ya fi damuna. Fentin da ake shafa wa ƙasan jirgi don hana katantanwa da gansakuka maƙalewa, da yawansa da gangan aka haɗa shi ya riƙa zagwanyewa a hankali yana sakin sinadarai irin su jan ƙarfe, kuma in an zo sabunta shi feshin yashi ake yi a kankare tsohon, in ba a tare ƙurar ba cikin ruwa za ta zube, ƙananan halittu su haɗiye, kifi ya haɗiye su. Sai a 2008 haramcin wani sinadari mai guba da ake kira TBT a irin wannan fenti ya fara aiki a duniya, bayan an ga ɓarnar da ya yi wa halittun teku. Ga kuma farin layin kan titi da tayoyi ke niƙewa dare da rana. Wani ɓurɓushin ma ya yi ƙanƙantar da ido ba ya gani sam, iska ce ke yawo da shi muna shaƙa.

Ni ban ce a daina fenti ba, gadar ƙarfen da ba a shafa ba tsatsa za ta cinye ta. Abin da nake so a tilasta shi ne tare ƙura a duk inda ake kankare jirgi, gada ko babban gini, kamfanoni kuma su rubuta ɓaro-ɓaro a jikin gwangwani yawan robar da ke ciki. Mai fenti kuma ya shimfiɗa tamfol kafin ya sa sanfefa, ya daina wanke buroshi a bakin magudanar ruwa.