Littafin bashin Nanay da shagon Baba

Mako uku ke nan abin yana ci mini rai, shi ya sa na ce bari in fitar da shi ko na samu sauƙi.

A layin da nake haya a Dagupan ta ƙasar Filifin, wani garin bakin teku a arewa da Manila da ya yi suna wajen kiwon kifin da suke kira bangus, akwai wata dattijuwa mai shago. Kowa Nanay yake ce mata, wato Inna da harshensu, ni ma haka nake kiranta. Shagon nata taga ce kawai aka fasa a bangon falonta, aka rufe da ragar ƙarfe, aka bar 'yar kafa daidai wadda hannu zai shiga da kuɗi ya fito da kaya. Daga sama har ƙasa ƙananan ledoji ne a jere suna reto: shamfu, garin sabulu, man goge baki, kofi mai haɗe da madara da sukari, kowanne na amfani sau ɗaya. A kan katako ga kwalaben alewa, ga kiret ɗin ƙwai, ga gwangwanayen kifi. A kusurwa ga firji cike da ruwan sanyi da ƙanƙara mai zaƙi da take ƙullawa da kanta a leda. A waje benci ne guda, inda tsofaffin layin ke zama da yamma. Irin wannan shago shi suke kira sari-sari, ma'ana iri-iri, kuma da wuya ka yi tafiyar minti biyu a unguwar talakawa a ƙasar Filifin ba ka ga ɗaya ba. A layinmu kaɗai huɗu ne.

Wata Talata da safe ina tsaye ina jiran canji, sai ga babban ɗanta ya ajiye babur ɗinsa na haya, irin mai akwatin fasinja a gefe. Ya zagaya ta cikin gida ya ɗauki ƙwai biyu da kofi ɗaya. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta jawo littafinta, irin na 'yan firamare mai shuɗin bango, ta buɗe shafinsa ta rubuta kwanan wata da kuɗin. Shafinsa na kusa da nawa. Na kasa haƙuri na ce, "Nanay, ba ɗanki ba ne?" Ta ce, "Ɗana ne, amma ba shagon ne ya haife shi ba." Daga baya na lura ita kanta idan za ta ɗauki gwangwanin kifi don abincin dare, sai ta zaro kuɗin daga aljihun rigarta ta jefa a gwangwanin biskit ɗin da take tara ciniki.

Ranar ban iya karatu ba. Baba, Allah ya jiƙansa, shekara 22 ya yi yana riƙe da shagon tireda a Funtuwa. Ba gobara ce ta cinye shagon ba, ba ɓarayi ba. A hankali ya tsiyaye, kamar randa mai tsaga. Baffa ya aiko yaro a ba shi sukari da madara, ai namu ne. Gwaggo za ta yi suna, a ɗauki katon ɗin sabulu. Maƙwabci ya ce, "Alhaji, a ba ni zuwa Juma'a," Juma'ar ba ta taɓa zuwa ba. Kuɗin cefane daga aljihun teburin shago, kuɗin makarantarmu daga nan, gudummawar biki daga nan. Ban taɓa ganin Baba ya rubuta komai ba. Idan Umma ta yi magana sai ya ce, "Haba, in rubuta sunan ɗan'uwana kamar baƙo?"

Kada wani ya ɗauka Nanay marowaciya ce. A 2023, da aka saki naira ta faɗi, kuɗin da ake turo mini daga gida ya koma bai kai ni ƙarshen wata, ita ta riƙe ni. Ta buɗe mini shafi, ta gaya mini iyakata peso 500, wato kuɗin ƙasar, ta ce in na kai nan sai na rage kafin in sake ɗauka. A nan yawancin ma'aikata sau biyu ake biyansu albashi, ranar 15 da ƙarshen wata, kuma a waɗannan ranakun za ka ga mutanen layi suna zuwa taga ɗaya bayan ɗaya ana soke suna. Wanda ya saba saye wurinka har kuka san juna, suki suke ce masa, kuma shi ake ba bashi. Wanda ya ci amana sau biyu, shafinsa ya rufu, amma gobe za su gaisa da fara'a, ta tambaye shi jikin matarsa. Wannan ne na kasa fahimta da farko: an hana mutum bashi kuma zumunci bai mutu ba.

Zan faɗa ko da zai yi wa wasu zafi: a wannan fannin sun fi mu. Kuma ba don ba su da kunya ba. Suna da ita, hiya suke kiranta, kuma tana kashe musu shaguna kamar yadda take kashe namu. Shi ya sa za ka ga an liƙa kwali a taga an rubuta "Bawal ang utang", wato ba a bashi, don kwalin ya faɗi abin da baki ya kasa faɗa. Bambancin shi ne waɗanda suka daɗe a sana'ar sun ɗauki shago kamar wani mutum daban mai haƙƙinsa, wanda ko mai shi ba ya ci masa dukiya. Abin da ya fi ƙona mini rai, a saman firjin Nanay akwai ɗan gunkin da Katolika ke ajiyewa, ita ba ta taɓa jin aya ta 282 a Suratul Baƙara ba. Mu kuwa tun muna yara muke jin ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba.

Manyan attajiransu ma daga irin wannan tagar labarinsu ke farawa. Henry Sy ya zo daga ƙasar Sin yana ɗan shekara 12, ya tarar mahaifinsa na riƙe da sari-sari a Manila. A 1958 ya buɗe shagon takalma mai suna ShoeMart, wanda ya zama SM, manyan kantunan da za ka yini a cikin ɗaya ba ka gama zagayawa ba. Da ya mutu a 2019 babu wanda ya kai shi kuɗi a ƙasar. Tony Tan Caktiong da askirim ya fara a unguwar Cubao ta yankin Manila a 1975, ya lura mutane sun fi son abinci mai zafi, ya juya shagon ya zama gidan abincin Jollibee a 1978. McDonald's ya shigo a 1981 da duk ƙarfinsa na Amurka, har yau bai kamo shi ba a nan, don Jollibee ya san ɗan Filifin kazarsa da shinkafa yake so, taliyarsa kuma da zaƙi. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne gidan abincin Mang Inasal. Wani matashi ne, Edgar Sia, ya fara gasa kaza a Iloilo a 2003, a 2010 ya sayar wa Jollibee kashi 70 cikin ɗari a kan peso biliyan 3. Gasasshiyar kaza fa. Masu tsire da balangu nawa muka sani da hannunsu ya fi wannan, amma ranar da suka kwanta dama sunan ya bi su?

Ba na cewa nan aljanna ce. Da yawa daga shagunan jarinsu kuɗin 'ya ce da ke aikatau a Saudiyya ko Hong Kong, cikin sama da dala biliyan 30 da 'yan ƙasar ke turowa gida duk shekara, kuma ranar da kuɗin ya tsaya taga ta rufu. Wasu kuma suna hannun masu ba da rance da ake kira 5-6, ka karɓi biyar ka biya shida, mai babur yana zuwa karɓa kullum, riba ce tsagwaronta. Adashensu, paluwagan, shi ma ana gudu da kuɗin mutane kamar namu. Kuma gaskiya yanayinsu ya fi taimako. Wuta tana da tsada amma tana nan, shi ya sa ƙanƙarar Nanay ke kawo kuɗi. Tun 2002 suna da dokar da ta yafe harajin riba ga ƙaramar sana'ar da ta yi rajista in dukiyarta ba ta wuce peso miliyan 3 ba. Da GCash, manhajar tura kuɗi a waya, ake biyanta kuɗin ƙwai. Kuma da yake tagar na kallon titi, jikarta ba ta ɗaukar faranti ta bi layi, tana makaranta. Umma shekara nawa tana ƙuli-ƙuli a cikin gida, ƙanwata ce ta biya da karatunta.

Amma ranar da wani ɗan ajinmu ya tambaye ni ko a wajenmu akwai 'yan kasuwa, sai da jinina ya tafasa. Mu? Jikokin fataken da suka taka ƙasa har Gwanja don goro? Kasuwar Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa take ci, kafin jirgin Turawan Sifen ya ga gaɓar ƙasarsu. Na ba shi labarin Alhassan Ɗantata, na ba shi na Kantin Kwari, inda ake ɗora wa mutum kayan miliyoyi a kan kalma ɗaya ya tafi Agadas ya dawo da kuɗin cif. Na yi ta zuba har ya yi shiru. Da na dawo ɗaki kuma sai na ga duk abin da na lissafa bai dawo da shagon Baba ba.

Ranar addu'ar ukun Baba aka yi sanarwar da aka saba, duk mai bin mamaci ko wanda mamaci ke bi ya zo ya faɗa. Na san mutanen da suka ci shagon nan sun fi hamsin. Uku suka zo. Ɗayansu wani mai shayi ne da ya bar unguwar da daɗewa, ya kawo naira 4,200 a ƙulle a leda, yana kuka, ya ce da madarar Baba ya fara teburinsa. Babu wanda ya san da bashin sai shi. Sannan wata bazawara da ke bayan gidanmu ta shigo wurin Umma ta ce shekara shida marayunta na shan koko da sukarin Alhaji, bai taɓa bari ta ambaci kuɗi ba. Ita ma ba mu sani ba. Ina jin haushin Baffa har yau, kuma ina ganin da Baba ya riƙe littafi da ƙanwata ta gama sakandare. Amma duk lokacin da na tuna matar nan sai in kasa ce wa Baba ya yi kuskure. Nanay tana da kirki, na shaida, sai dai ban ga shafin da matar nan za ta zauna shekara shida a littafinta ba.

Ƙanena ya sake buɗe shagon bara, da ɗan abin da muka haɗa masa. Daren Talatar nan na kira shi, na ba shi labarin ƙwai biyu da kofi, na ce gobe ya sayi littafi, ya ware kuɗin shago da na gida, ya yanka wa kansa albashi, sadaka kuma ya fitar da ita daga aljihunsa da sunanta. Ya saurare ni har na gama. Ina jiyo kiran sallar La'asar daga masallacin layinmu ta cikin wayar, da muryar yara suna cewa a ba su magi na hamsin, nan kuwa sha ɗayan dare ta wuce, ruwa na dukan kwano. Sai ya ce, "To Yaya, na ji. Amma in Baffa ya aiko gobe, kai za ka kira shi ka gaya masa, ko ni?"

Na ce ya bari zan kira. Har yau ban kira ba, lambar tana nan a wayata, kuma jiya ya ce mini an aiko an ɗauki sukari mudu biyu.