Likitan da ya ɗinke rauni ya rufe baki, abokin laifi ne

A duk lokacin da aka ceto wani yaro daga azabar cikin gida, kamar yaron nan na Birnin Kebbi da aka gano a 2020 an ɗaure shi tare da dabbobi na kusan shekara biyu, ko ɗaruruwan da 'yan sanda suka fitar da mari a ƙafa daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, sai a yi ta tsine wa kishiyar uwa da maƙwabta, a kwana biyu a manta. Abin da ke ba ni takaici shi ne ba a cika tambayar ko yara nawa irin waɗannan suka taɓa zama a gaban likita, aka wanke musu ciwo, aka miƙa su ga wanda ya ji musu shi.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Wasunsu dole sun ratsa asibiti, kuma jikinsu yana faɗin abin da bakinsu ba zai iya ba. Jaririn da ko rarrafe bai fara ba, ba ya karya cinya don “ya faɗo daga gado”. Ƙunar ruwan zafi da ta tsaya da iyaka a miƙe kamar safa, ta wanda aka tsoma a ruwan ce, domin ruwan da ya zube bisa tsautsayi fallatsa yake yi. Hoton ƙashi da ya nuna karaya uku, wata ta warke, wata tana warkewa, wata ɗanya, labarin duka ne na watanni. Tun 1962 likitan yara Henry Kempe ya bayyana waɗannan alamomi a Amurka, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 kowace jiha a can ta wajabta wa likita kai rahoto.

Uzurin da aka fi bayarwa shi ne sirrin majinyaci, kuma shi ne mafi rauni. Majinyacin da ke kan gado yaron ne, ba uban da ya biya kuɗin kati ba, don haka likitan da ya yi shiru asirin mai duka ya rufa, ya kira shi ɗa'ar aiki. Masu cewa likita ba ɗan sanda ba ne su tuna cewa dokar 2017 kan masu raunin harbin bindiga ta umarci asibiti ya sanar da 'yan sanda cikin sa'o'i biyu da fara magani, kuma babu wanda ya ce hakan ya mayar da likita ɗan sanda. Batun “tarbiyya” kuwa bai cancanci dogon bayani ba, domin babu tarbiyyar da ke karya haƙarƙari.

Ingila ta ɗanɗana kuɗar wannan sakaci. Victoria Climbié, yarinya 'yar asalin Kwaddibuwa, an kai ta asibitoci biyu a Landan a 1999, a ɗaya aka ce ƙazuwa ce ke damunta, aka sallame ta. Ta rasu a Fabrairun 2000 da raunuka 128 a jikinta, binciken da ya biyo baya kuma ya haifar da sabuwar dokar yara a 2004. Mu muna da Dokar Haƙƙin Yara tun 2003, Kano ma ta samu tata dokar kare yara a 2023, amma doka a takarda ba ta gaya wa likitan da ke shi kaɗai a asibitin karkara da tsakar dare wanda zai kira ba.

Na san akwai tsoron dangi masu faɗa a ji, da wahalar zirga-zirgar kotu. Maganinsu shi ne a kare mai kai rahoto, a ajiye jami'in walwala a kowane babban asibiti, a yawaita cibiyoyi irin Waraka, mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da aka buɗe a Asibitin Murtala a Kano. Hukumar da ke ba likitoci lasisi kuma ya kamata ta fara tuhumar wanda ya ga shatin wayar lantarki a bayan yaro ya rubuta “faɗuwa” a kati.