Motata sabuwa dal aka yi wa kiranye

Wata uku ke nan da na fito da ita daga shago, ko ledar kujerar baya ban cire ba, sai ga wasiƙa a akwatin ƙofar gidana a nan Houston. A bayan ambulan akwai jan rubutu da tambarin gwamnati, gabana ya faɗi, na ɗauka tara ce. Ashe kamfanin da ya ƙera motar ne ke sanar da ni cewa famfon mai da aka saka wa wani rukuni na motocinsu yana iya tsayawa ana cikin tafiya, injin ya mutu a tsakiyar titi, kuma tawa na ciki. In kawo ta a canza, ba zan biya ko sisi ba. Ni dai a da in aka ce kiranye, sanata nake tunawa.

Haushi ne ya fara zo mini. Bashin shekara biyar na ci don in huta da zaman gareji, ga shi ana kirana gareji. Na je a fusace. Wurin ba digon baƙin mai ko ɗaya a ƙasa, tayil ne fari tas, ga sanyin na'ura, ga talabijin, ga kofi kyauta wanda bai kama ƙafar shayin unguwar Mabera ta Sakkwato ba. Wata mata ta fito da kwamfutar hannu, ta haska lambar shasi ta jikin gilashin gaba, nan take sunana da ranar da na sayi motar suka bayyana. Ta ba ni haƙuri har sau uku. Sannan ta ce kayan gyaran bai iso ba, sai bayan mako biyar, amma ga makullin wata mota in riƙa hawa kafin nan. Na fito da masifata a baki ban samu inda zan sauke ta ba.

Kada wani ya ce ina yabon Turawa. Ba tsoron Allah ne ya sa su rubuta wasiƙar ba, tsoron hukuma ne. Tun 1966 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa masu ƙera motoci bayyana lahani, kuma akwai NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta ƙasar, da ke bin sawunsu. In kamfani ya tabbatar da lahani, kwana 60 gare shi ya aika wa masu motocin takarda. Sun sha ɓoyewa kuma sun sha duka. A 2014 Toyota ta biya tarar dala biliyan 1.2 kan rufa-rufar da ta yi game da motocin da ke ƙara gudu da kansu. Kamfanin Takata na Japan kuwa, mai yin jakar iskar da ke fitowa daga sitiyari lokacin haɗari, sinadarin da ya yi amfani da shi yana lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima, sai abin ya fashe ya watsa wa direba gutsattsarin ƙarfe. Jakunkuna kusan miliyan 67 aka yi wa kiranye a Amurka kaɗai, kamfanin ya durƙushe a 2017.

Duk da haka, ku tsaya ku duba: mai kaya ne ya nemo ni har gida, ya ce kayana da aibi. Ban kai ƙara ba, ban ma san da matsalar ba.

Ku kun san yadda ake yi a wurinmu, ba sai na faɗa ba. Dillali ya buga bonet ya rantse wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa kasuwa da ita. Ana ƙirga kuɗi, a yi fatiha, shi ke nan. In giya ta watse kafin ka kai Kwannawa, ƙaddara ce. In ka koma, kai ne marar tawakkali, har a tara maka dattawa.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan ba ilimin Bature ba ne. A zauren malaminmu muka karanta babin ciniki na Risala, inda aka haramta algus da ɓoye aibin kaya, aka ba mai saye damar mayarwa in ya tarar da aibin da ba a gaya masa ba. Yaron makarantar allo ma ya san labarin Manzon Allah (SAW) da ya cusa hannu cikin tarin hatsi ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa. A birnin Shehu muke, kusa da Hubbare. Mu ke da karatun, wasu ke da wasiƙar. Akwai FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, a Abuja, an yi dokarta tun 2018, to amma wa ka taɓa ji a Tsohuwar Kasuwa ya ce zai kai ƙara can?

Wani abokin aikina ya tambaye ni yadda ake kiranye a ƙasarmu. Wallahi ban san lokacin da na hau kare gida ba. Na ce masa mu bakanike gare mu, ba kwamfuta ba. Kuma ba ƙarya na yi ba. Mutumin da ke gyara wa Baba Fijo 504 ɗinsa, haɗin Kaduna, da kunne yake gane ciwon mota. Ta taɓa mace mana a hanyar Illela bayan isha'i, ya hau babur ya same mu, ya kwanta a ƙasa da tocila a baki, da aka miƙa masa kuɗi ya ce sai Alhaji ya samu sarari. Ranar sunan ƙanwata shi ya raba goro. Matar nan mai kwamfuta ta ba ni haƙuri sau uku, amma da na koma bayan mako biyar ba ta gane ni ba sai da ta sake haska lambar.

Sai dai kunne ba ya jin jakar iskar da ke jiran ranar fashewa. A nan doka ta hana sayar da sabuwar mota matuƙar akwai kiranyen da ba a gyara ba, amma dokar tarayya ba ta hana sayar da tsohuwa ba. Ina tsofaffin suke zuwa? Da yawansu kwantena ake zuba su, su sauka Kwatano ko Legas, su ƙare a ƙofar gidajenmu. Wasiƙar tana can tana neman wani tsohon adireshi, motar kuwa tana ɗaukar yara zuwa Islamiyya a Runjin Sambo, cikin zafin Afrilu da ke haura 40.

Shi ya sa na kira ƙanena. Na ce ya ɗauko mini hoton lambar shasin motarsa, baƙaƙe da lambobi 17 ne, zan saka a shafin NHTSA, kyauta ake dubawa.

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai dai Amurka ta sa maka tsoro. Mi za su yi man in an gani? Su aiko bakanike Mabera?"

Na ce ya dai turo. Ya ce to, in Allah ya so, sannan ya ce Inna na tambaya ko bana ma ba ni zuwa Sallah.

Kwana biyu bayan nan hoton ya shigo. Bai iya ɗauka ba, ya tsaya nesa, lambar ta fito dishi-dishi. Amma ta cikin gilashin ana hango ƙofar gidanmu, an sake mata fenti kore, iccen dogon yaron da na bari iya kafaɗata ya wuce katanga, ga tabarmar Baba a gindinsa da butarsa. Na buɗe hoton ya fi sau goma. Har yanzu ban ce ya sake ɗauka ba.